Husaina Tela da Saƙin Ubanta

A kasuwar Belbeji, duk matar da ta tambayi inda ake ɗinki, rumfar Husaina Tela za a nuna mata, can kusa da layin masu awon hatsi. Ana nuna mata kuma za a bi ta da shawara kyauta, a ce ta miƙa atamfarta ta yi shiru. Husaina ba ta son a koya mata aiki. Za ta ɗago ido daga kan keke, ta dubi mace tun daga wuya har ƙugu, ta ce a dawo ran Laraba, shi ke nan an gama awo. Tana da metir kamar kowane tela, rataye a ƙusa, amma rabon da ta taɓa shi har lambobin sun koɗe. In mace ta yi ƙarfin hali ta ce a matse mata nan a sake mata can, sai Husaina ta tambaye ta cikin ladabi ko a cikin rigar take niyyar yin numfashi ko a waje. Abin haushin shi ne rigar kan fito daidai, don haka ba a samun bakin rama mata.

Ba a Belbeji aka haife ta ba. 'Yar wani ƙauye ce a ƙasar Ollelewa, ɗiyar Sidi masaƙi. Ta buɗi ido ta tarar da ubanta a gindin aduwa, yatsun ƙafa na takawa, hannu na jefa ƙoshiya, zare a miƙe har bakin dangar maƙwabta. Uwarta ke kaɗa zaren, shi ya ɗauka ya kai marina a Damagaram, ya dawo da shi baƙi wuluk ko shuɗi, ya zauna ya saƙa. Saƙar takan fito siririya, faɗinta bai wuce tafin hannu ba, ita ake kira ƙwarya, sai an jera goma sha wani abu an haɗa bakinsu da allura kafin a ce ga zani. Wannan haɗin ne aka ɗora wa Husaina tun tana shekara bakwai. Sidi yakan ɗaga aikinta ya duba ta rana, in ya hango haske tsakanin ƙwarya biyu sai ya miƙo mata ba tare da ya ce uffan ba, ta warware ta sake. A nan ta koyi allura, a nan kuma ta koyi raina aikin wasu.

Sai atamfa ta yi arha, gwanjo ya shigo dila-dila. Mutanen yankinsu na Damargu, a ba su haƙƙinsu, ba su taɓa daina yabon Sidi ba. Sukan tsaya a kansa su ce kai, irin wannan hannu ba a ƙara yi, su shafa saƙar, su sa masa albarka, su wuce kasuwa su sayi atamfa. Da yabo ya kasa cika rumbu, Sidi ya koma gona. Sau ɗaya ya ƙara kafa masaƙa, shekarar da aka sa ranar auren Husaina, lokacin yanar ido ta fara rufe masa gani. Ya ɗauki sauran zaren da uwarta ta kaɗa kafin ta rasu, ya yi tun daga kaka har bazara yana fama, ya fitar da saƙi ƙwarya goma sha shida, baƙi da shuɗi da ɗigon fari kamar bayan zabuwa. Daga shi bai sake taɓa ƙoshiya ba, kuma bai cika shekara biyu a duniya ba bayan nan.

Lawali, mijin da ya kawo ta Belbeji, mutumin kirki ne marar sa'a. Ya tafi Libiya neman arziki, ya dawo da kan keken ɗinki da tari. Tarin ya tafi da shi, keken ya zauna, da shi Husaina ta riƙe kanta da 'yarta guda har ta aurar da ita Agadas. Saƙin kuwa sau biyu ta taɓa ɗaura shi, ranar da aka kawo ta da ranar sunan yarinyar. Sauran shekaru talatin da wani abu yana ƙasan akwatin ƙarfe, naɗe cikin tsohon mayafi. Kowace shekara bayan damina takan fito da shi ta shanya a cikin ɗaki, ƙofa a rufe, ta zauna kusa da shi har la'asar. Shi kaɗai ya rage mata na uwa da uba, zaren wannan da hannun wancan, kuma tana sonsa son da take jin kunyar faɗa. Da ta nuna wa 'yarta, da nufin wata rana ya koma hannunta, yarinyar ta shinshina ta ce yana warin marina, ga nauyi, ita abaya take so.

Madam Nafisa ta sauka a garin bayan girbi, cikin farar motar wani furoje, irin shirin nan na tallafa wa jama'a, rungume da ƙaton kaye, wato littafin rubutu. 'Yar Damagaram ce, jikar 'yan kasuwa, ta yi karatun zana tufafi a Yamai, kuma ta zo wa matan Belbeji da sabon labari: ashe duk shekarun nan da suke daka da jan ruwa da awo, cikin kayan da ba su dace ba suke yi. Aka tara su a wani zaure, aka raba lemon kwalba, ta yi bayani. Ta ce mace mai aiki ta cancanci rigar da aka zana dominta, mai aljihu, wadda ba ta kwancewa a tsakiyar hanya, kuma da saƙar gida, ba atamfar da ake lodowa daga wata uwa duniya ba. Magana ce mai kyau, matan suka tafa har da guɗa. Sai ta ce duk wadda ke da saƙi a gida ta ɗaga hannu.

Ba wadda ta ɗaga hannu. Mata arba'in, kusan kowacce da saƙin kakarta a ƙasan akwati, amma nan take duk suka zama marayun da ba su gaji ko tsumma ba. Wata ta ce gara ta cinye nata. Ta kusa da ita ta ce wallahi ita ma gara. Kafin a tashi, garar Belbeji ta ci saƙi ya fi ashirin ba tare da ta sani ba. Husaina na can baya tana taɓe baki, tana cewa a ranta yarinyar nan ba ta san da su wa take magana ba.

Da Nafisa mai girman kai ce, da Husaina ta tsira. Sai aka yi rashin sa'a yarinyar na da tarbiyya. Washegari ta zo rumfar, ta durƙusa ta yi gaisuwa, ta zauna a benci tana kallon aiki. Tanti kaza, Tanti kaza. Ta tambayi yadda ake gane ƙugun mace da ido, ta rubuta amsar a kaye. Tun da Husaina ta fara ɗinki ba wanda ya taɓa rubuta maganarta, sai dai a ɗauka a kai gaba a haɗa ta faɗa da wata. A rana ta uku bakinta ya suɓuce, ta ce ai ita a gindin masaƙa ta girma. Azahar na yi, ga ta gaba Nafisa na biye, har gida, har ɗaki, har gaban akwati.

Nafisa ta shimfiɗa saƙin a tabarma, ta bi haɗin da yatsa, ta kai shi hanci. Da ta ɗago, hawaye ne a idonta, na gaskiya, ba na furoje ba.

"Tanti, wa ya saƙa wannan?"

"Babana. Sidi."

"A ina aka rubuta sunansa?"

"Rubutu kuma? Ai kowa ya san shi a ƙasar Ollelewa."

"Kowa wa, Tanti? Waɗanda suka san shi, su nawa suka rage?"

Husaina ta buɗe baki za ta jero sunaye, amma duk wanda ta kamo sai ta tuna ta je gaisuwar mutuwarsa. Abin ya soke ta.

"Ku gafarce ni," in ji Nafisa, "mutumin da ya yi wannan aiki bai kamata ya ƙare a akwati ba. Ku ba ni shi mu yi rigar farko. Za a nuna ta a gaban manya, a faɗi sunansa a lasifika, a sa a littafi. Daga nan mace mai aiki ta sa ta ta shiga kasuwa, duk wanda ya gani ya tambayi mai saƙar."

Ba wanda ya matsa wa Husaina. Matar da ke yi wa 'yan mata tsawa a kan wuyan riga, wadda ta zauna tana dariyar masu gara, ita ce ta ce to, da bakinta. So take ta ji an ce Sidi da ƙarfi a tsakiyar jama'a, ko sau ɗaya ne, kuma wannan son ya fi ƙarfin hankalinta.

Sai da aka buɗe kaye ta gane abin da ta amsa. Doguwar riga ce mai shiga a ƙugu, wuya zagaye, hammata a lanƙwashe, aljihu biyu manya a gaba, tsaga a gefe. Ta yi kyau, ba ƙarya. Amma duk inda alƙalami ya lanƙwasa a takarda, yanka ne a jikin saƙi, kuma duk 'yar da ta tashi a gidan saƙa ta san ba a gitta wa saƙi almakashi. In ya yi yawa, ƙwarya ake warewa ta bin haɗi, a ajiye. In ya gaza, a ƙara. Ta haka zani ɗaya ke zama mayafi, ya sake komawa zani, ya ratsa mata uku yana nan lafiyarsa lau. Ranar da aka yanka shi a gicciye kuwa, zare zai yi ta zarewa daga bakin, kuma ba mai iya mayar da shi zani har abada.

Ta gaya wa Nafisa haka. Ta ce a bari ta ware ƙwarya-ƙwarya ta gina rigar da su a miƙe, ba a yanka ko ɗaya ba.

"Tanti, ai wannan taguwar kakanni ce, faɗi ɗaya tun daga sama har ƙasa. In muka kai ta Yamai za a ce me muka ƙara? Ku bi bakin yankan da keke sau biyu, ba zai zare ba. Mun gwada a lakwal, can makarantarmu ta Yamai."

"Da saƙin wa kuka gwada?"

"Da yadi."

"Madalla," in ji Husaina. Amma ta riga ta ce to, labari ya riga ya zaga kasuwa cewa Husaina Tela ce kaɗai mai saƙi a garin gara, kuma ita ba ta saba janye magana a gaban mutane ba.

Aka zaɓi wadda za ta sa rigar. Mariyama ce, mai awon hatsi a rumfar da ke fuskantar ta Husaina, mace mai ƙarfin dantse da goyo a baya, wadda ke yini a sunkuye tsakanin buhu da tiya. Nafisa ta ce ita ce ainihin mace mai aiki. Mariyama ta ji daɗi, ko da yake ba ta san akwai jabu ba. Aka kawo metir za a auna ta. Matar da ba a taɓa naɗa wa igiya a ciki a gaban jama'a ba, kunya ta kama ta, ta ja numfashi ta haɗiye tumbinta, ta miƙe ƙiƙam har aka gama. Husaina ta gani sarai, ta ce a ƙara yatsu huɗu. Nafisa ta duba kaye ta ce lamba ba ta ƙarya, a bar shi yadda aka rubuta.

Daga nan almakashin Husaina ya dakushe. Ta kai wa maƙeri, ta ce kada ya yi gaggawa. Da ya dawo, igiyar keke ta tsinke. Da aka gyara igiya, ciwon kai ya sauko mata. Kwana biyar tana wannan wasa, Nafisa na zuwa kullum da safe ta yi mata sannu da jiki, har da kawo magani. Ba abin da ke karya mai dabara irin a yarda da ƙaryarta da zuciya ɗaya.

Ran Alhamis da hantsi ta shimfiɗa saƙin a tebur, Nafisa ta jera takardun da ta yanka a kansa, ta bi gefensu da alli. Husaina ta yi bisimilla sau uku. Tana sa almakashi ta ji ya ƙi shiga, don Sidi ba ya saƙa sako-sako, sai da ta danna da hannu biyu. Ƙarar da ya yi ba irin ta atamfa ba ce, wani gurus-gurus ne mai nauyi, kuma har cikin haƙoranta ta ji shi. Ta ratsa ƙwarya ta ɗaya, ta biyu, ta uku, tana wuce haɗin da ta yi da hannunta tana amarya. Zare ya fara zubowa a kan ƙafarta. Zuciyarta ta ce ta tsaya, amma wanda ya ratsa ƙwarya uku ba shi da abin da zai tsaya ya ceta. Ta gama yankan fuskarta a murtuke, ta ce wa Nafisa hayaƙin masu tuya ne ke shiga mata ido.

Ta tattara ƙyallayen da suka rage, har da zaren ƙasa, ta ƙulle a leda da nufin ta tafi da su gida. Nafisa ta hango, ta yi murna ƙwarai da wannan tsari na rashin almubazzaranci, ta ce daidai ke nan, za a lulluɓe maɓallai da su, sauran a ɗinka 'yar jaka a ba uwargidan babban baƙo. Husaina ta miƙa ledar. Kwana uku tana ɗinkin, tana bin kowane baki sau biyu, wani wurin sau uku, kuma rigar ta fito tsaf. A duk shekarunta na ɗinki ba ta taɓa yin aiki mai kyau kamarsa ba, ba kuma ta taɓa jin ƙin aikin hannunta kamar ranar ba.

Ranar nuni aka kafa rumfuna a fili, aka jera kujeru, aka kawo lasifika. An ce ƙarfe tara, manya suka iso sha ɗaya da rabi. Mutum biyar suka yi jawabi a kan wahalar mace mai aiki, suna zaune a inuwa, matan da ake magana a kansu na tsaye a rana. Husaina ta sha atamfarta ta Salla, ta kama wuri kusa da lasifika don kada sunan ya wuce ta. Can aka kira Mariyama. An karɓe goyonta an ba wata, don ya rufe bayan riga, an ba ta tiya wankakkiya ba ko ƙwayar hatsi a ciki, aka ce ta taka a hankali. Ta taka kuwa, numfashi a riƙe, kamar mai ɗauke da ƙwaryar nono cike fal. Saƙin ya sha rana, ɗigon farin nan ya fito, fili ya ɗauki tafi. Husaina ta ce a ranta yanzu za a faɗa.

Mai gabatarwa ya ɗaga takarda. Ya gode wa manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya da cikakkun muƙamansu, ya gode wa furoje, ya gode wa Madam Nafisa, ya gode wa wanda ya ba da aron kujeru. Sai wani ya raɗa masa cewa babban baƙo zai koma Damagaram kuma abinci na hucewa. Ya ninke takardar, sauran layi biyu, ya ce, "Da dukan jaruman masu sana'armu, maza da mata." Aka tafa, aka watse.

Nafisa ta biyo ta da gudu, ranta a ɓace da gaske. Ta nuna mata takardar, ta ɗora yatsa a inda sunan yake, ta ce ga shi nan wallahi, ita ta rubuta. Ta ce a littafin da za a buga a Yamai ba makawa sai ya fito, da faransanci. Husaina ta dubi inda yatsan ya nuna, ita da ba ta taɓa shiga lakwal ba, ta ce Allah ya saka da alheri. Aka ɗauki hoto. Aka sanar cewa riga ta zama ta Mariyama, kyauta, ta je ta yi aiki da ita. Farar mota ta ɗauki Nafisa da kayenta ta nufi Tanut, inda wasu matan ke jiran a gaya musu abin da ya dace su sa.

Sauran abu ɗaya ya rage daga cikin alkawarin, wato kasuwa. Ranar da ta ci, Husaina ta buɗe rumfa tun da sassafe, ta juya keke yadda zai fuskanci layin hatsi. Mariyama ta iso cikin rigar. Tun daga bakin kasuwa ake tare ta ana yi mata barka, ana tambayar wa ya haihu, don ba mai hankalin da ke ɗauko saƙi ran aiki sai da dalili. Yaron ya fara kuka, ba inda za a sa shi, sai ta ɗauko tsohon zaninta ta goya shi a kan rigar, rabin aikin Yamai ya shige ƙarƙashin tsumma. Mai saye na farko ya zo, ta sunkuya za ta ɗebo gero, rigar ta ce ba da ita ba. Ta sake gwadawa, tumbin da ta haɗiye ran awo ya dawo ya nemi wurinsa, hammata ta ce ɓarr. Aljihun nan biyu manya, da aka yi domin 'yancin mace, suka cika da ƙaiƙayi, ta koma awo da hannu ɗaya tana susa da ɗaya. Mutane sun tsaya a rumfarta da yawa a ranar, kuma sun yi tambaya, amma duk a kan tsadar gero. Kafin azahar Mariyama ta zaga bayan buhuna ta fito cikin zaninta da tsohuwar riga, tana sauke ajiyar zuciya.

Husaina ta so ta tsallaka ta ce a mayar mata da abinta. Amma an bayar a gaban manya, an yi hoto, kuma ita ce za a ce ta yi kyauta ta bi ta da ido. Ta zauna tana taka keke, baƙin ciki na cin ta, ta huce a kan wata baiwar Allah da ta zo neman a sa mata zif.

Kasuwar da ta zagayo, wajen hantsi, wata tsohuwa ta tsaya a bakin rumfar da ƙunshi a ka. Inna Rahamatu ce, uwar Mariyama, ta zo daga ƙauye ganin jika, kuma ita da Husaina ba su taɓa haɗuwa ba. Ta ga rigar a rataye a ɗakin 'yarta, an ce mata 'yan furoje ne suka bayar, ta ɗauko ta fito tana tambayar inda tela yake. Ta sauke ƙunshin a kan teburin keke ta kwance.

"An ce ke ce gwanar garin nan. Mayar mini da wannan zani."

Husaina ta dubi rigar. Zare ya zare a hammata ya kai tsawon yatsa.

"Inna, ba ya komawa. An yanka."

"Na gani ai, ba makauniya ba ce ni. Cewa na yi ko gwana ta san wata dabara." Tsohuwar ta juya rigar ciki waje, ta bi saƙar da babban yatsa. "Ke yarinya ce, ba ki san abin da ke gabanki ba. Wannan hannun Sidi ne, na ƙasar Ollelewa. Ko cikin saƙi ɗari aka jefa shi sai na tsamo. Shi ya saƙa mini zanin aurena. Shekarar fari muka musanya shi da hatsi, yara na kuka, har yau in na tuna sai abinci ya fita kaina."

Husaina ta ji an faɗi sunan, a rumfarta, ba lasifika, daga bakin wadda ta san shi.

"Mu yunwa ce ta raba mu da namu," in ji tsohuwar. "Wannan fa, me ya kai shi hannun 'yan boko? Wace marar imani ce ta gitta masa almakashi? Na ji an ce yana da ɗiya da aka kawo garin nan aure. Allah ya ji ƙanta, don na san da tana raye ba a yi wa ubanta haka."

Ba kowa a rumfar sai su biyu. Mariyama na can tsallake kanta a buhu. Da Husaina ta ce amin, da maganar ta wuce, tsohuwa ta koma ƙauyensu da addu'arta.

"Tana raye, Inna," in ji ta. "Ni ce. Ni na yanka."

Inna Rahamatu ta ɗago ta dube ta, ta daɗe tana duba, kamar mai neman kamannin Sidi a fuskar. Ga alama ta samu, don ba ta sake tambaya ba. Ba ta yi zagi ba, ba ta yi salati ba. Ta sunkuyar da kai ta fara ninke rigar a hankali, tana tura zaren da ya zare ciki da yatsa.

Husaina ta miƙa hannu. "Ku bari ko hammatar ce in kama, kada ya ci gaba da zarewa."

Tsohuwar ta janye ƙunshin zuwa ƙirjinta.

"A'a, ɗiyata. Hannunki ya yi iyakar nasa. Ina da allura a gida."

Ta ɗaure ƙunshin ta aza a ka, ta yi sallama yadda ake yi wa baƙo, ta shiga cikin jama'a. Husaina ta miƙe tsaye, ta fito bakin rumfa, ta yi ɗage tana bin ƙunshin da ido ta saman kawunan mutane har ya sha kwanar masu gishiri. A nan tsakiyar kasuwa, ran da ta ci, kowa na kallo, kuka ya ƙwace mata, ba ta kuma ce hayaƙi ne ba.